Yadda Na Kashe Furfurar Dutse da Ruwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya ba kifi kogi, ya ba ƙadangare tsaguwa, ya raba wa kowane mai rai abin da zai raya shi da abin da zai kashe shi. Bayan haka, ni ne Jatau ɗan Nomau marini, mutumin Kurmusa ta ƙasar Zangwarma, inda ruwan sama ke sauka sau ɗaya a shekara bakwai. Na yi tafiya har takalma goma sha ɗaya suka mutu a ƙafata, ba don neman ilimi ba, ba don neman dukiya ba. Mutum ɗaya na bi, ga kuma yadda muka ƙare da shi.

A garinmu ba a noma. Abin da muke da shi wani baƙin dutse ne a bayan gari, wanda wata aba ke fitowa a jikinsa, muna ce mata furfurar dutse. Ba ciyawa ba ce, don ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Ɓawo ne toka-toka manne da dutse, zagaye-zagaye kamar faifai, in ka taɓa ta sai ka rantse ta shekara ɗari da mutuwa. Alhali da ranta. Raɓar asuba kaɗai take sha, rana ta yini tana gasa ta, ko a jikinta. Girma kuwa, mutum zai rayu ya tsufa ya mutu ba ta ƙara abin da ya wuce faɗin yatsa biyu ba. In aka kankaro ta aka jiƙa da ruwan toka da tsohon fitsarin akuya har wata guda, sai ta ba da wata irin shunayya mai ja-ja wadda rinin baba ba ya ba da irinta, kuma rana ba ta koɗar da ita. Da wannan rini muke sayen hatsi da gishiri.

Ubana Nomau shi ke riƙe da dokar dutsen, dokar kuwa guda ce: a ci tsakiya, a bar baki. Daga bakin zagayen furfura take girma, tsakiyar ita ce ta tsufa, ita ake ɗiba, da ƙashin haƙarƙarin akuya, ba a kai mata ƙarfe. Sau ɗaya ina saurayi na kuskura na gutsuri baki. Marin da na sha, har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙara.

Wata shekara wani madugu mai suna Barmo ya sauka a garinmu, raƙumansa sun rame, leɓensa ya tsage. Ubana ya ce baƙonka annabinka, ya sauke shi a zaurenmu kwana ashirin, muna ba shi ruwan da mu kanmu da ludayi muke auna shi. Mutum ne mai daɗin baki, in yana dariya har hawaye yake yi. Ya ga rawanin ubana, ya tambayi asalin launin, ubana kuwa da zuciya ɗaya ya kama hannunsa ya kai shi dutsen ya nuna masa komai. Bayan wata bakwai sai ga Barmo ya dawo da ƙarti sittin, kowa da fartanya a kafaɗa da takobi a ƙugu.

Kwana uku suka yi suna kankara, muna tsaye muna jin kukan ƙarfe a kan dutse. A rana ta uku ubana ya hau ya kwanta rub da ciki a kan zagayen da ya fi kowanne tsufa, wanda kakan kakansa ya fara ɗiba.

"Madugu," in ji shi, "ka ci tuwon gidana. Ɗebi tsakiya duka, na yafe maka duniya da lahira. Ka bar mana baki."

Barmo ya yi wannan dariyar tasa. "Baba Nomau, wa zai zauna jiran abin da sai jikan jikansa zai gani? Ku ɗaga mini tsohon nan."

Ba ɗaga shi suka yi ba, ture shi suka yi. Ya gangaro daga tsayin gaba goma, bayansa ya karye, ya yi kwana biyu yana numfashi sama-sama, ya cika. Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a kabari, ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. Kafin shekara ta zagayo gari ya watse, don ba mai cin dutse tsirara. Ranar da zan fita na dafa dutsen da tafin hannuna na rantse sai na ga Barmo a kan dutse tsirara ba shi da abin kamawa, kuma sai ya san ni na kai shi. Dattawa suka ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na ji su. Amma an kuma ce rama cuta ga macuci ibada ne, ni wannan ibadar na zaɓa.

Shekara biyu na yi ina bin sawunsa. Duk dutsen da na isa sai in tarar ya riga ni, ya bar shi fes kamar ƙwaryar da kare ya lashe. Daga nan sawun ya ɓace mini a bakin wani kwari da ake kira Kwarin Ajiya. Abin al'ajabin wannan kwari, ba ya mayar da amsa-kuwwa nan take. Duk maganar da aka yi a cikinsa sai ya riƙe ta shekara guda cif, sannan ya sake ta daidai wurin da aka faɗe ta. Kana tafiya kai kaɗai sai ka ji mata suna ciniki, ko wani yana zagin jakinsa, alhali babu kowa. Fatake masu hankali da baki a rufe suke ratsa shi. Na san bakin Barmo bai san rufuwa ba, don haka na kafa bukka a tsakiyar kwarin na zauna wata biyar ina cin fara da damo, ina sauraron shirmen mutanen bara. Rannan da hantsi sai dariyar nan ta fashe a gefen kunnena, har na zabura na zaro wuƙa na soki iska.

"Saura guda," in ji muryar Barmo. "Tsaunin Ƙishi, bayan garin masu sharar raɓa. In na kama wannan, duk duniya ba mai rina shunayya sai da izinina."

Na naɗe tabarmata a ranar. Kwana arba'in na yi a cikin wata hamada mai yashi ja kafin in isa garin da ya ambata. Mutanen garin ba su da rijiya ko ɗaya. Kullum da asuba suke fita da auduga su share raɓar da ta kwanta a kan duwatsu su matse a gora, da ita suke rayuwa. Saboda haka suna da doka: duk wanda ya zubar da ruwa a ƙasa, ko da yawu ne, ko da hawaye ne, za a binne shi iya wuya a rana. Ni ban san da wannan ba. A ƙofar gari na tambayi mai gadi ko Madugu Barmo ya wuce ta nan, kuma kamar yadda na saba duk lokacin da sunan ya bi ta bakina, sai na tofar da yawu. Kafin in goge baki mutum huɗu sun danne ni.

Sarkin Raɓa, wanda shi ne alƙalinsu, a nan bakin ƙofa yake zama, wani tsoho busasshe kamar kilishi. Aka fara haƙa ramina ina kallo. Na waiwaya na dubi inda yawun ya sauka, sai na ga ashe ba ƙasa ya taɓa ba, a kan dutsen ƙofa ya faɗa, daidai kan wani ɗan tabon furfura da bai fi ƙumbar babban yatsa ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "dokarku zubar da ruwa ta hana, ko har da shayar da mai ƙishi?"

"Shayarwa sadaka ce," in ji shi.

"To, sadaka na yi. A duba."

Suka sunkuya. Tabon da suka ɗauka dattin dutse ne ya kumbura ya yi kore shar. Su ba su taɓa ganin haka ba, don kullum sukan share raɓar kafin furfura ta sha. Sarkin Raɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a sake ni, amma in na ƙara yin irin wannan sadaka a garinsa sai na kwana a ramin.

Cikin masu kallo akwai wata tsohuwa mai jaki, yatsunta sun rine da shunayya kamar nawa. Ta bi ni ta ja mini riga.

"Ɗan nan, yawunka da sa'a. Kai ɗan furfura ne, daga ina?"

Na gaya mata garinmu, ban gaya mata abin da ke tafe da ni ba. Sunanta Iya Ladingo, mutuniyar Tsaunin Ƙishi ce, inda gida saba'in ke rayuwa da furfura tun kaka da kakanni. Muka kama hanya tare, tana raba mini dabinonta, tana ba ni labari. Barmo ya kama tsaunin da dakarun Sarauniyar Sambalma, bayan ya rantse a gabanta da wuyansa cewa cikin shekara uku zai lulluɓe fadarta kaf da shunayya. Ya kankare fuskar gabas duka, ya ga abin bai kai ko'ina ba, yanzu ido ya raina fata, yana neman wanda ya san yadda za a sa furfura ta yi saurin girma.

"Da ruwa yana sa ta girma, ai da an huta," na ce.

"Kul, ɗan nan. Ku a ƙasarku ba ku san ruwa ba, shi ya sa. Ina yarinya an taɓa yin wata shekara da sama ta ɓalle kwana arba'in ba rana. Kwana goman farko ta yi kore, ta yi ɓul-ɓul, har guɗa muka yi. Daga nan ta ruɓe. Duk inda rana ba ta samu ta busar ba, sai da ya mutu. Ita a jiƙa ta sau ɗaya a bar ta ta bushe. Ƙishin nan shi ne ranta."

Ba ta san abin da ta ba ni ba. Na ci gaba da tauna dabinonta.

Da muka isa tsaunin, Barmo bai gane ni ba. Gemu ya cika mini fuska, dama kuma can a gidanmu bai taɓa ɗaga ido ya dubi mai kawo masa ruwan alwala ba. Ya yi ƙiba, amma dariyar ta ragu. Na durƙusa na gaishe shi, wanda shi ne abu mafi ɗaci da na taɓa haɗiya, na ce ni masanin furfura ne daga gabas. Na ce a ba ni ruwa moɗa guda. Na zuba a kan wani zagaye, muka tsaya. Kafin a gama shan furar hantsi zagayen ya yi kore ya ninka kaurinsa. Barmo ya tsuguna yana shafa shi kamar mai shafa kan ɗansa.

"Yunwa ce ta hana ta girma, Madugu," na ce. "Tsofaffin nan rowa ce da su. A shayar da ita safe da yamma, a kafa mata rumfar zana don kada rana ta shanye ruwan. In wata uku suka yi ba ka ga abin mamaki ba, ka yanke mini harshe."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Raƙumi dubu ya sa a hanya suna jigilar salkuna daga Kogin Maɗaci, tafiyar kwana shida. Aka saƙa zana har hannuwan mutane suka yi kanta, aka rufe tsaunin fuska bayan fuska. Cikin kwana goma ya yi kore tun daga gindi, irin koren da mutanen wurin ba su taɓa gani ba. Barmo ya ba ni riga da doki, dariyarsa ta dawo, ni ma ina taya shi.

Saura fuskar yamma kaɗai ba a rufe ba, wadda suke kira Fuskar Kakanni, don a nan tsofaffin zagayensu suke, wasu sun kai faɗin ɗaki. Da la'asar Iya Ladingo ta same ni a gindin tsauni ina duba salkuna. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Jatau, ka san abin da kake yi."

"Na sani, Iya."

"Da bakina na gaya maka."

Na ba ta labarin ubana tun daga farko har zuwa kabari. Ta saurara ba ta katse ni ba, har ta ce Allah ya jiƙansa.

"Na ji, ɗan nan, kuma ban ce ka yafe masa ba. Ka ci abin da ka ci. Amma ka ce masa a bar fuskar yamma. Ka ce masa ta tsufa ba ta shan ruwa, ka ce masa duk abin da ka ga dama, maganarka yake ji. In ita ta tsira, mu gida saba'in za mu rayu, jikokinmu su ga tsaunin ya dawo."

Wallahi na yi tunani. Na ɗaga kai na auna fuskar da idon marini, na ga in aka kankare ta duka za ta rina abin da zai rufe rabin fada, kuma na san bakin Barmo. Da rabin fada da daɗin baki zai fitar da wuyansa.

"In ta tsira, shi ma ya tsira, Iya."

"Haka ne."

"To, ba zan iya ba."

Washegari ta tafi wurin Barmo da kanta ta gaya masa gaskiya a gaban jama'a, ta ce ruwa kashe furfura yake yi, ta ba shi labarin shekarar kwana arba'in. Na ga ya ɗan sha jinin jikinsa. Ya juyo gare ni.

"Malam, me ka ce?"

"Madugu, dubi tsaunin ka dubi tsohuwa, ka zaɓi wanda za ka gaskata. So take ta ɓoye wa danginta mai kyan."

Ya dubi koren nan, ya fashe da dariya. Ya ba da umarni a rufe fuskar yamma a ranar, kuma ita Iya Ladingo ita za ta riƙa zuba ruwan farko kowace safiya, don ta koyi kama bakinta. Wannan ba shawarata ba ce. Amma ina tsaye aka faɗa, ban hana ba, kuma na gan ta kwana bayan kwana tana hawa da tulu a ka.

A kwana na talatin wari ya fara tashi daga ƙarƙashin zana. Na ce masa alamar nuna ce, a ƙara ruwa. A kwana na hamsin koren ya koma baƙi, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa da ta kwana, ya fara zamewa yana faɗowa yaɓa-yaɓa. Barmo ya sa aka yaye rumfunan, amma bakin alƙalami ya bushe. Aka jiƙa abin da aka kwasa a karofi, ya ba da ruwan kwata. Daga gabas har yamma babu tabo ɗaya mai rai. Ni kuwa tuni na sulale na ɓuya a wani kogo, ina jiyo shi yana kiran sunana har muryarsa ta dushe.

Labari ya kai Sambalma kafin wata ya mutu. Jakadan Sarauniya ya zo da dakaru, ya dubi tsaunin, ya dubi Barmo, ya tuna masa da abin da ya rantse da shi. Ba su ɓata takobi ba. A ƙwanƙolin tsaunin suka kafa turke suka ɗaure shi da sarƙa, suka bar shi da rana. A yini na biyu da azahar na fito na hau, da gorar ruwa a hannuna.

Leɓensa ya tsage kamar ranar da ya fara zuwa gidanmu. Ya gan ni ya yi yunƙuri, sarƙa ta mayar da shi.

"Me na yi maka, bawan Allah?"

"Kurmusa," na ce. "Zauren da ka kwana ashirin. Ni ne Jatau ɗan Nomau."

Ya daɗe yana kallona. "Tsohon nan mai rawani."

"Shi."

"Ɗan'uwa, ko kurɓi ɗaya. Don darajar mahaifinka, shi ba ya hana baƙo ruwa."

Na buɗe gorar, na tsiyaye ta a hankali a kan dutse, taku biyu daga inda sarƙarsa ta tsaya.

"Ruwan tsaunin nan na dutse ne, Madugu. Kai ka ba da umarni."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗin da na ji a wannan lokaci ban taɓa jin irinsa ba kafin nan ko bayan nan, kuma hawayen da suka ƙi zuwa a bakin kabari a nan suka zo. Na zauna nesa kaɗan ina kallonsa har rana ta yi sanyi. A yini na uku ya daina motsi.

Da na sauko sai na tarar da mutanen tsaunin a kan hanya, gida saba'in, da jakuna da tukwane da tsofaffi a goye, ba wanda ya san inda za a nufa. Suka dare mini hanya, ba wanda ya zage ni, kowa dai ya dube ni da kyau, irin duban da ake yi wa fuskar da ba a so a manta. Iya Ladingo ce a ƙarshen ayari, tana jan jakinta. Ta tsaya a gabana.

"Jatau ɗan Nomau, ka ƙoshi?"

"Na ƙoshi, Iya."

"To, madalla," in ji ta. "Mu kuma yau muka fara jin irin yunwarka."

Ta ja jakinta ta bi ayari. Shekara talatin da ɗaya ke nan, gari goma sha tara na zauna, ban taɓa yarda na yi shekara biyu a wuri ɗaya ba, kuma duk baƙon da ya yi sallama sai na fara duban yatsunsa, ko sun rine da shunayya, kafin in amsa. Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda ya ji ya ji, hukunci kuwa yana wurin Mai duwatsu.